Sallar wanda aka yi wa tiyatar kogon hanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina fama da toshewar hanci da ciwon kai, har na daina jin ƙanshi. Likita ya ce tsiro ne ya toshe kogunan hancina, za a cire shi ta ƙofar hanci da siririyar na'ura mai kyamara, ba yanka a fuska. Ya ce bayan aikin kada in face hanci, kada in sunkuyar da kai har mako biyu. Na yi niyyar in riƙa taimama ina salla a zaune, sai wani ya ce barin sujada don maganar likita bai halatta ba. Kuma ni ke jan salla a masallacin layinmu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Aikin halas ne, wannan ba abin tsayawa ba ne.

Ka lura da abin da likita ya hana ka: sunkuyawa. Bai hana ka tsayuwa ba, bai hana ruwa taɓa fuskarka ba, rangwame kuwa iyakarsa inda larura ta tsaya. Idan jiri ya sake ka, ka yi kabbara da karatu a tsaye, ka yi nuni ga ruku'u a tsaye, sannan ka zauna ka yi nuni ga sujada, nunin ya ɗara na ruku'u ƙasa gwargwadon abin da ba zai cutar ba. Taimama ba taka ba ce. Shaƙa ruwa da facewa sunna ne a mazhabar Malik, ka bar su. Ka wanke fuska a hankali, ka yi shafa a kan bandejin da ke ƙarƙashin hanci. Haɓo ba ya karya alwala.

Mai cewa kada ka bar sujada, galibi hujjarsa labarin Ibn Abbas ne, da aka ruwaito ya ƙi maganin ido saboda zai hana shi sujada. Ko da labarin ya inganta, zaɓinsa ne ga kansa, bai haramta wa kowa ba. A cikin mazhaba ma saɓanin a kan wanda aikin ido zai kwantar da shi rigingine ne. Wanda iyakarsa zama, Shehu Khalil, mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya faɗi halaccinsa ƙarara, har na rigingine ya ce an inganta uzurinsa. Kai ko yin sallar gaba ɗaya a zaune bai lizimce ka ba. Sannan a Muwaɗɗa, littafin Imam Malik, Sa'idu ɗan Musayyib ya ce wanda haɓo ya ƙi tsaya masa ya yi nuni da kansa, Malik ya ce wannan ya fi soyuwa gare shi cikin abin da ya ji. Rashin rauni a fuska ne ke ruɗin mutane, su ɗauka ba a yi komai ba. Alhali an yanke nama, an buɗe ƙashi marar kauri wanda ke maƙwabtaka da ido da gindin ƙwaƙwalwa, kuma kifa kai na tara jini a wurin har ya ɓalle. Wanda ya ce maka ka yi sujada ba shi zai kwana a asibiti ba idan jinin ya ƙi tsayawa.

Limanci kam ka miƙa wa na'ibinka tun kafin ranar aiki, don mai iya ruku'u da sujada ba ya bin mai nuni. Na san yana da nauyi ga wanda ya saba da gaban sahu, amma sallar jama'a amana ce a wuyanka.

Ina roƙonka kada ka ɗiga man habbatus sauda ko ka shaƙi wani gari a hancin nan, ko wa ya kawo maka. Ruwan gishirin da aka rubuta maka na wanke hanci shi za ka riƙe. Idan abin ya faɗo cikin Ramadan, ka tambayi likita ko wankin zai iya komawa dare, in ba zai yiwu ba ka sha azumin ka rama. Ka sa takunkumi saboda ƙurar hunturu. In ka ga ruwa garai-garai yana ɗiga daga hanci, ko ido ya kumbura, ko gani ya rikice, ka koma asibiti a ranar.

Wallahu a'alam.