Tsohuwar kwamfuta ba a jona mata wuta da gaggawa: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Tun da na ba da labarin wata tsohuwar kwamfuta Pentium III da na tayar a shagona nan Gusau bayan ta daɗe a kwance, saƙonni suka yi ta shigowa. Kowa ya tuna da wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin gado ko a kusurwar sito. Ga waɗanda na tsinto.

Malam, kullum na kunna tsohuwar kwamfutar ofishinmu sai ta tsaya ta ce a danna F1, kwanan wata kuma ya koma shekarun baya. Abokin aikina ya ce bairos ce. (Ma'aikaci daga Talata Mafara)

Abokin aikin nan naka ko tayar mashin ɗinsa ce ta sace, bairos zai ce. Batir ne ya ƙare. Buɗe murfin gefe, za ka ga wani abu mai sheƙi kamar kwabo a kan madabod, wato babban allon da sauran kayan ke manne a kai, an rubuta CR2032 a jikinsa, bolt 3 ne. Masu gyaran agogo suna sayar da shi. Canza, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka saita kwanan wata.

Ranka ya daɗe, kawuna ya ba ni kwamfutarsa da aka kawo masa daga Amurka tun zamanin Windows 98. Ta fi shekara goma sha biyar a sito. Na kaɗe ƙurar, na tada janareta na jona ta, sai na ji fas, hayaƙi ya tashi da wari. Hotunan iyali da takardun gonakinsa suna ciki. Ta mutu ke nan? (Ɗalibi daga Ƙaura Namoda)

Ƙanena, saƙonka ya ɓata mini rai, domin wata ba ya wucewa ba a sallamo shagona da irin wannan labarin ba. Na'ura ta jure zafin bazara da ƙurar hunturu da ɓera da gara shekara da shekaru, sai ta mutu cikin ƙiftawar ido a hannun mai ɗoki. Tsohon da ya shekara yana jinya, ranar da ya miƙe za ka ce ya taka da ƙafa daga Ƙaura zuwa Gusau?

Juya bayanta ka duba. Kusa da inda igiyar wuta ke shiga akwai wani ɗan jan makunni da ake turawa da farce, ko dai yana nuna 115 ko 230. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Idan makunnin yana kan 115, fawa fak ɗin, wato akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfutar, yakan ninka wutar da ta shigo masa, tunda yana zaton 'yar kaɗan ce. Ka ba shi tamu ya ninka, abin da ka ji shi za a ji. Je ka tambayi kawu ko da wani ƙaramin akwati mai nauyi yake jona ta a da. Ina kyautata zaton zai ce e, kuma akwatin nan na rage wuta yana can cikin siton, ka tsallake shi ka ɗauko kwamfutar.

Shekarun baya an kira ni wani ofishi da aka kawo wa gudummawar kwamfutoci 'yan beljiyam. Kafin in iso, yaron da aka sa ya jera su ya jona ta farko ta yi ƙara, ya ce ai mai matsala ce, ya jona ta biyu, ya jona ta uku. Na same shi da igiyar ta huɗu a hannu, ɗakin ya turnuƙe da warin ƙonanniyar roba. Dukkan makunnan suna kan 115. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, don yara ne aka yi niyyar koya wa aiki da su.

To, kwantar da hankalinka. Galibi fiyus da fawa fak ne ke tafiya, sauran kayan su tsira. Amma kada ka sake jona ta wai ka gani ko ta huce. Abu na farko, tun kafin a yi zancen gyara, ciro had disk ɗin, wato ma'ajiyar da hotunan da takardun ke ciki. Za ka gan shi da faffadar waya mai launin toka kamar ɗamara, mai ramuka 40, ita ce IDE. Akwai mahaɗin da ke mai da ita USB, ana samu a kasuwar Beirut ta Kano in ka rasa a nan. Jona shi a laftof, ka kwafe hotunan da takardun gaba ɗaya a zama guda, ka ajiye su wuri biyu. Disk ɗin da ya daɗe a kwance yana iya juyawa yau ya ƙi gobe, don haka ba lokacin tsayawa kallon hoton bikin goggo ba ne. In ka ji yana ƙwas, ƙwas, cire masa wuta nan take ka kawo wa wanda ya san aikin. Fawa fak kuɗi ke sayen wani, takardar gonar kawu kuwa babu ita a kasuwa.

Bayan nan sai ka ɗauki tocila ka duba cikinta a tsanake. Na taɓa ɓamɓaro gidan zanzaro mai ɗaki huɗu manne da fankar furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), ya ƙame kamar siminti, fankar ko motsi ba ta yi. Da an kunna ta a haka, da zafi ya gama da ita. Duba ko ɓera ya ci wayoyi, ko fitsarinsa ya bar tsatsa a kan allon. Sai kafasitoci, waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tsaitsaye kusa da furosesa. Kansu a shafe ya kamata ya kasance. Wanda ya kumbura kamar gwangwanin tumatir da ya lalace, ko ya fitar da wani busasshen abu ruwan ƙasa, ya gama aiki. Na'urorin da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 sun yi ƙaurin suna da wannan ciwon, kuma duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai canza maka su, in dai lambobin jikinsu sun dace kuma bai juya musu ƙafa ba.

Masu kwamfutocin 386 da 486, waɗanda suka girmi Pentium, ku ma ku saurara. Galibi naku batirin ba mai kama da kwabo ba ne, wata 'yar ganga ce shuɗiya ko koriya da aka like a kan allon. In ta tsufa takan zubar da ruwan da ke cinye layukan tagulla, ya bar kore-kore a wurin. Ku datse ta yau, ko da ba ku da niyyar kunna kwamfutar bana. A goge wurin da auduga da ɗan ruwan khal, a bi da sifirit, a bar shi ya bushe.

Sabon fawa fak kuma ba a haɗa shi da madabod sai an gwada shi shi kaɗai. In irin ATX ne, wato na gama-gari, haɗa koriyar waya da baƙa, fankarsa za ta tashi, sai ka sa mita: ja bolt 5, rawaya 12, ruwan lemo 3.3. In kwamfutar Dell ce ta zamanin Pentium II ko III, yi hattara, wasunsu bakin soket ɗinsu iri ɗaya ne da na kowa amma jerin wayoyin daban, ka sa na gama-gari ka ƙone allon. Kuma don Allah a raba tsofaffin na'urori da ƙaramin janaretan nan mai hawa da sauka. A sa stabilaiza, ko a nemi gidan da ke da sola da inbata.

Ni ba na cire waya ko ɗaya sai na ɗauki hoton yadda take da wayar hannuna, sukurori kuma cikin kwalin ƙwai nake jera su, kowane rami da nasa. Ka koyi wannan tun yanzu.

Madabod ɗina ya yi baƙi ƙirin da datti. In wanke shi da ruwa da omo? (Mai karatu daga Argungu)

Mutumin Argungu, komai sai an kai shi ruwa? Ba giwan ruwa ba ce da aka kamo a Matan Fada. Buroshin fenti mai laushi da sifirit sun isa. In za ka hura da bulowa, danne fankar da yatsa kada ta yi ta juyi. Ram kuma, wato siririn allon memori da ke tsaye a kan madabod, ka goge haƙoransa da kilinar fensir.

Malam, an ce akwai zinari a jikin tsofaffin furosesa da alluna. Na tara buhu guda daga 'yan bola jari. Ƙonawa ake yi ko narkarwa? (Matashi daga Gummi)

Ko ɗaya kada ka yi. Zinarin yana nan, amma shafe ne da bai kai kaurin gashi ba, kuma ba ya fita sai da asid mai ƙarfi wanda tururinsa ke ƙone huhu. Abin da ya fi zinarin yawa a buhun nan naka dalma ce. Kafin Tarayyar Turai ta hana a 2006, abin da ake like kayan lantarki da shi kusan kashi 40 cikin ɗari dalma ne. Ka ƙona shi a tsakar gida, tokar ta shiga ƙasar da yara ke rarrafe a kai.

Ɗan Zamfara bai kamata a yi masa dogon bayani kan wannan ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, a Bagega ma aikin bai samu ba sai 2013. Gummi da Bukkuyum maƙwabta ne, ka san mutanen da abin ya shafa.

Zazzage buhun ka tantance. Furosesa 486 ko Pentium Pro mai lafiya, katin sauti na Sound Blaster, katin hoto na 3dfx Voodoo, kibod ɗin IBM Model M mai ƙarar nan, duk akwai masu tara kayan tarihi da ke nemansu, kuma da ransu sun fi daraja. Turo mini hotunansu in faɗa maka na ajiyewa. Ka kuma wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Firintar shagona ba ta aiki sai da Windows XP. Zan iya sa wa kwamfutar intanet? (Mai shagon buga takardu daga Jega)

A'a, Alhaji. Microsoft ta daina yi wa XP gyaran tsaro tun 8 ga Afrilu, 2014. Bar ta ta yi bugunta ba intanet. Filas ɗin kwastomomi ma a fara buɗe shi a sabuwar kwamfuta mai riga-kafi, ka ware filas guda naka da zai riƙa kai mata aiki.

Na yi ritaya daga aikin sakatariya, ina da kwali cike da tsofaffin fayafayan fulofi, har da rubutun digirina. Akwai yadda za a yi? (Hajiya daga Birnin Kebbi)

Akwai, Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. A sayo miki abin karanta fulofi mai USB, sababbin kwamfutoci suna gane shi. Kafin a sa kowanne, a tura ɗan maɓallin da ke kusurwar bayansa har ramin ya buɗe, don kada a yi rubutu a kai bisa kuskure. A zame murfin ƙarfen a leƙa: in an ga fari-farin fumfuna a kan baƙin faifan, a ware shi gefe, zai ɓata kan na'urar ya kuma karce na bayansa. Kowanne megabait 1.44 kacal yake ɗauka, kwalin naki duka ba zai cika kusurwar filas ɗaya ba. Kamfanin Sony ya daina ƙera su tun 2011, saboda haka ko bayan an kwafe kada jikoki su mai da su abin wasa. A nisanta kwalin daga lasifika, maganaɗisunta yana goge su.

Monita ta mai ƙaton baya hotonta ya tsuke ya koma layi ɗaya. Na riga na kwance sukurori biyu. (Mai karatu daga Tsafe)

Mai da sukurorin nan inda ka ciro su. Kwalbar cikinta tana aiki da kusan bolt 25,000, kuma tana riƙe wuta ko bayan an zare soket. In kwalbar ta fashe, gilashi na iya watsuwa a fuskarka. Layi ɗaya a kwance yawanci dalma ce ta saki a sashen da ke buɗe hoton sama da ƙasa, gyara ne mai sauƙi ga wanda ya saba. Kashe ta kada layin ya ƙone fuskar gilashin, ka ɗora ta a mashin ka kai wa dattijon da ya yi zamanin gyaran talabijin mai kwalba, ba yaron da ke canza sikirin ɗin waya ba.