Amsa: Koyoti na zagaya bayan gidanmu, ya zan yi da ɗan karena?

Ɗan'uwa ka ce ka ga koyoti a bayan gidanku a Texas kana tsoron kar ya cutar da ɗan karenka, wallahi da gaskiyarka. Koyoti kamar dila yake amma ya fi girma, kuma shinge mai ƙafa 6 ma haurawa yake, kar ka saki jiki. Asuba da magariba suka fi yawo, lokacin kar ka bar karen shi kaɗai, fita da shi da gajeriyar igiya, kwanon abincinsa ka shigo da shi ciki ka rufe bola, ni ƙashin kaza da na bari a waje ne ya janyo min su. In kun yi kiciɓis kar ka gudu, ɗauki karen ka daka wa koyotin tsawa. Janairu zuwa Maris lokacin barbararsu ne, ƙara kula.