Motar lantarki ba ta yau ba ce

Malam, ka tambaya ko motar lantarki da ake ta maganarta yanzu sabuwar ƙirƙira ce. A'a, tsohuwa ce ƙwarai. Motar farko da ta haura gudun kilomita 100 a awa ɗaya ma da batir take tafiya, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ne ya tuƙa ta kusa da Paris a 1899. A lokacin har tasi masu lantarki na yawo a Landan da New York. Abin da ya danne ta shi ne kamfanin Ford ya fito da motar fetur mai arha, Model T, a 1908, sannan kamfanin Cadillac ya kawo sitata, na'urar tayar da injin fetur, a 1912, aka huta da murza inji da hannu, aikin da kan karya wa mutum hannu.

Sai dai matsalarta ta da can tana nan, batir da wurin caji. Ina gyaran wayarin mota a Gombe, kuma ina ganin yadda zafin Maris da Afrilu ke kashe batir da wuri. In za ka saya, ka tabbata kana da sola ko tsayayyar wuta a gida, kuma zirga-zirgarka ta cikin gari ce, ba Gombe zuwa Bauchi kullum ba.