Amsa kan haɗuwarmu: yawon ganin gari da zaman hira

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wannan ita ce muryar da na tura jiya da dare, na mayar da ita rubutu saboda waɗanda suka ce ba su samu damar saurara ba.

Malama, kin tambayi yadda za a raba kwana biyun da muka ware don haɗuwarmu, tun da wasu sun kawo jerin wurare bakwai da suke so a zagaya, wasu kuma sun ce a zauna wuri ɗaya kada a fita ko'ina. Ni a ganina, abin da zai tara mu shi ne ganin juna, domin mun daɗe muna magana ta waya ba tare da yawancinmu sun san fuskar juna ba. Saboda haka duk fitar da za a tsara, a fara tambayar ko za ta bar mu mu yi hira.

Lokacin da muke da shi kaɗan ne ƙwarai. Wani malami a Jami'ar Kansas ta Amurka, Jeffrey Hall, ya fitar da bincike a 2018 inda ya nuna cewa mutum biyu suna bukatar kimanin awa 50 tare kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, kimanin awa 90 kafin ta zama abota sosai, sannan fiye da awa 200 kafin a kai ga aminci. Kwana biyu, idan aka cire barci, awa 32 ne kacal. Idan muka ƙarar da rabinsu cikin mota, da bin layin shiga, da jiran wanda ya tsaya ɗaukar hoto, za mu rabu kusan yadda muka zo. Harrison Owen, wanda ya ƙirƙiro tsarin taron da ake kira Open Space a shekarun 1980, ya ce ya sha wahalar shirya wani babban taro, amma daga baya mahalarta suka gaya masa cewa abin da ya fi burge su shi ne hutun da ake yi tsakanin jawabai, wato ɓangaren da bai tsara komai a cikinsa ba.

Duk da haka ban goyi bayan masu cewa kada a fita ba, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau. Idan aka tara mutane a zaure ɗaya tun safe har dare, tsofaffin 'yan zauren nan namu na waya da suka saba za su ja gefe su kafa dandalinsu, sabon shiga da mai kunya kuwa ya zauna yana latsa waya har a tashi. Tafiya tana warware wannan, domin mutum biyu da ke tafe kafaɗa da kafaɗa suna da abin da za su nuna wa juna, ba sai sun ƙirƙiro zance ba, kuma duk inda aka ɗan tsaya abokin tafiya yakan canja. Masanin nan ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, ya lura cewa hira ba ta cika wuce mutum huɗu ba, idan aka ƙaru sai ta tsage gida biyu. To, ayarin da ke tafe a ƙasa da kansa yake rarrabuwa haka, ba tare da an ce wa kowa komai ba.

Shawarata ita ce fita ɗaya a kowace rana, da safe, kuma kada a tilasta wa kowa. A zaɓi wurin da za a iya magana a cikinsa, kamar lambu ko bakin ruwa ko tsohuwar unguwa da ake zagayawa da ƙafa, a guji inda jagora zai riƙe lasifika awa biyu muna biye da shi shiru. A tuna kuma cewa ayari ba ya wuce saurin wanda ya fi kowa nawa, kuma a cikinmu akwai dattawa da masu goyo. Wanda zai tsara fitar ya binciki ranar hutun wurin tun da wuri, domin gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin. Daga la'asar zuwa dare a bar shi fili, a sanar da wuri ɗaya da kowa ya san zai tarar da mutane a can.

Su kuwa masu jerin wurare bakwai, ban ga laifinsu ba, tun da wataƙila ba za su sake zuwa garin ba. Su iso kwana ɗaya kafin taron ko su ƙara kwana ɗaya bayansa, su rubuta sunayensu a nan don mai sha'awa ya bi su. Malama, idan an amince, sai ki buɗe ƙuri'a a zaɓi wurare biyu daga cikin bakwai ɗin kafin ƙarshen mako.