Tambaya da amsa: Waɗanne kayan aiki zan fara saye don gyaran mota a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi ƴar tsohuwar Toyota, ina so in riƙa yin ƙananan ayyuka da kaina a gida, irin su juyen baƙin mai, canza fulogi da duba birki. Cikin kayan aikinka wanne ka fi so, kuma da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa alheri ya tsare hanya. In ka tambaye ni abin da na fi so, to akwatin soket ne da racet ɗinsa, wato hannun da ake juya soket da shi, babu na biyunsa. Amma ba shi za ka fara saye ba, fara da ƙafafun ƙarfen nan da ake ɗora mota a kai bayan an ɗaga ta. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai, ba riƙewa ba, wanda yake zuwa da mota ɗin nan don canza taya aka yi shi, jak mai aiki da mai kuwa robar cikinsa tana iya saki ba tare da ta yi maka sallama ba. Ƙafafun guda biyu sun isa, a kan siminti ko ƙasa mai tauri, ka ja birkin hannu ka sa wa tayar da ke ƙasa waigi, sannan ka girgiza motar da hannu kafin ka cusa kanka. Bulo kuma kar ka yarda da shi, fashewa yake yi.

To sai soket. Tunda motarka ta Japan ce ka huta, lamba 8, 10, 12, 14, 17, 19 da 21 za su kwance maka kusan komai, na Jamus ne suke son 13, 16, 18 da kai mai tauraro. Ka nemi soket mai kusurwa shida, don yana kama jikin noti sosai, mai goma sha biyu kuwa in noti ya yi tsatsa sai ya cinye masa baki ya bar ka da aiki. Lamba 10 ka sayi biyu ko uku, duk bakaniken da ka sani zai gaya maka ita ce take ɓata kullum, kuma ita ce take kwance kan batir. In za ka taɓa batir ɗin, wayar da ke da alamar ragi ake fara cirewa, ita ake mayarwa daga ƙarshe. Fulogi yana da soket ɗinsa na daban mai roba ko maganaɗisu a ciki, yawanci lamba 16, wasu sababbin injina 14.

Kar ka wahalar da racet a kan noti mai taurin kai, haƙoran cikinsa ne za su tafi, ka sami dogon hannu na ƙarfe zalla, ka fesa WD-40, man sassauta tsatsa, ka ba shi ɗan lokaci ya shiga. Sufana mai buɗewa da rufewa ɗin nan ni kam ba na sonta a jikin mota, ita ce sarkin lalata kan noti.

Abin da mutane suke rainawa shi ne sufanar da ke auna ƙarfin ɗauri, wadda take yin ƙas in ta kai adadin da ka saita. Matsalar sabon hannu ba rashin ɗaurewa ba ce, wuce gona da iri ne, kan injin yawancin motocin yanzu na alminiyam ne, ka murɗa fulogi da ƙarfin tsiya ka kwashe haƙoran ramin, aikin minti ashirin ya koma na kwana da kwanaki. Notin taya na ƙananan motoci yana kai wajen 100 zuwa 120 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), fulogi kuwa wajen 20 zuwa 30 ne kawai, ka ga tazarar, amma dai ka bi abin da littafin motarka ya ce. In ka gama ka mayar da ita ƙaramar lamba kafin ka ajiye, kuma ba a kwance noti da ita.

Ɓangaren wuta, ƙaramar mitar auna wuta ta isa. Batir mai lafiya in mota tana kashe yana nuna kamar volt 12.6, in ka tayar da inji ya hau wajen 14, in bai hau ba to ka fara zargin altaneta, wato mai yi wa batir caji, ko bel ɗinta. Akwai kuma ƴar na'urar OBD2 da ake soka wa a ramin nan mai ƙafa 16 a ƙasan sitiyari, ta turo maka bayani a waya. Amurka ta wajabta ramin tun 1996, Turai kuma 2001 ga masu fetur. Sai dai fa lambar da za ta ba ka, misali P0300 wato inji yana tsallake wuta, inda za ka duba take nuna maka, ba cewa take je ka sayi kaya ba.

Sauran irin su filaya, sukundireba, guduma, abin kwance filtar mai, bahon tarar baƙin mai da tocilar goshi, ka riƙa saye in aikinsu ya taso. Birki kuwa ka yi ɓangare ɗaya ka bar ɗayan a haɗe don ka riƙa leƙawa, kuma in ka gama ka tattaka shi har ya yi tauri kafin ka motsa motar.