'Yata za ta rubuta JAMB: wane aiki ne ya rataya a wuyana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, Zariya, karatun bokona bai yi nisa ba. 'Yata tana aji uku na babbar sakandare, burinta ta karanci aikin likita a ABU. Yayanta ya ci 231 a JAMB shekarar da ya rubuta, muka yi ta jira har aka rufe ba a ba shi gurbi ba, kuma har yau ba mu san dalili ba. Ba na so a maimaita. Me zan yi, daga ina kuma zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaran albarka. Karatun nata ne, ba wanda zai yi mata. Naka aikin shi ne takardu, da layin waya, da kula da ranaku, da zama da ita a zaɓi kwas ɗin da makinta zai iya ɗauka. Wannan bai buƙatar digiri, kuma a nan ne yara masu ƙoƙari suke rasa gurbi ba tare da an gane abin da ya faru ba.

Ka fara tun kafin a soma sayar da fom, wanda yawanci ake yi a farkon shekara. Tun daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma suna da ranar haihuwa daga rumbun hukumar NIMC mai ba da lambar ake jawo su kai tsaye, ba a cibiyar rajista ake rubutawa ba. Saboda haka ka ɗauko takardar NIN ɗinta, da takardar haihuwa, ka je makarantarsu ka nemi a nuna maka yadda aka shigar da sunanta a rajistar WAEC da NECO. Ka jera su ka duba harafi bayan harafi. Sunayenmu suna da rubutu iri-iri: nan Aisha can Aishatu, nan Muhammad can Mohammed, wani wurin sunan uba ne a gaba, wani wurin na kaka. A gida duk ɗaya ne, amma kwamfuta mutum biyu take gani. In akwai saɓani a gyara a ofishin NIMC yanzu, domin gyaran yana ɗaukar makonni kafin ya bayyana, kuma in aka bari sai lokacin rajista layi ya yi tsawo. Ka duba jihar asali da ƙaramar hukuma ma, za ka ji amfaninsu nan gaba. Shekaru kuma ƙa'idar da aka yi aiki da ita a 2025 ita ce ɗalibi ya cika 16 zuwa 30 ga Satumba na shekarar shiga.

Sai layin waya. Da shi ake aika saƙo mai ɗauke da kalmar NIN, a bar fili, a rubuta lambobi 11 na NIN ɗin, zuwa 55019 ko 66019. Amsar da za ta dawo ita ce lambar furofayil, da ita ake sayen fin, wato lambar sirri ta rajista. Daga ranar wannan layi ya ɗauru da sunanta a wurin JAMB: da shi za a duba sakamako, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa, kuma sauya shi ba ƙaramin aiki ba ne. Kada a yi da layin mai shagon intanet, ko na malamin lesin, ko wanda yayanta ya riga ya yi rajista da shi, don layi ɗaya ɗalibi ɗaya ne. A ware mata nata, a riƙa sa masa kati ana kira da shi lokaci-lokaci kada kamfani ya rufe shi. Haka adireshin imel: a buɗe nata, a rubuta shi da kalmar sirrinsa a littafi ka ajiye a inda kake ajiye takardun gida.

Rajistar kanta a cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, wato CBT, da JAMB ta amince da ita kawai ake yi, ba a kowane shago ba, kuma dole ta je da kanta domin za a ɗauki hotonta da zanen yatsunta goma. A nan akwai abin da ya shafi 'yan matanmu musamman: lalle. JAMB ta yi gargaɗi a kansa, saboda yana hana na'ura karanta yatsa. In akwai biki a dangi dab da rajista ko dab da jarrabawa, a bar mata tafin yatsunta fari. Wadda na'ura ta ƙi yatsanta ranar jarrabawa ba za a bar ta ta shiga ba, sai dai a rubuta sunanta a jira hukuncin JAMB. Kuɗin fom yana sauyawa. A 2025 naira 7,200 ne, da jarrabawar gwaji kuma 8,700. Ka biya mata na gwajin. Yarinyar da ba ta saba da kwamfuta ba takan ɓata mintuna masu tsada tana laluben maɓalli, alhali tambayoyi 180 ne a awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa ukun, jimillar maki 400. Kafin ta tashi daga gaban mai rajista ta karanta duk abin da ke kan allo, ta karɓi takardar da aka buga, ku sake karantawa tare a gida.

Yanzu batun da ya fi nauyi, wato zaɓin kwas. Don aikin likita darussan JAMB huɗu ne: Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. A WAEC ko NECO kuma ana son kiredit a waɗannan huɗu da Lissafi. Yawancin kwasa-kwasai suna karɓar haɗin zama biyu, misali WAEC da NECO, amma jami'o'i da dama suna son na likita a zama ɗaya, don haka ta ɗauka zama ɗaya ne abin nema. Kowane kwas da sharuɗɗansa suna cikin kundin JAMB na intanet da ake kira IBASS. Ka sa ta buɗe shafin ABU a ciki ta karanta maka da bakinta, kada ku dogara da abin da mai rajista ya ce, shi sauri yake yi ya sallami na gaba.

Ka lura da amfanin waɗannan darussa huɗu: su ne kuma ake nema a harhaɗa magunguna, da aikin jinya, da likitan dabbobi, da sauran fannonin lafiya, duk ana yin su a ABU. Ke nan in makinta bai kai na likita ba tana da ƙofofin da za ta juya. Amma babu Lissafi a cikinsu, saboda haka ƙofar injiniya a rufe take a wannan shekarar. Gara ta sani tun yanzu.

Iyaye da yawa suna ruɗuwa da maganar maki, don maki iri uku ne ake kira da suna ɗaya, wato cut-off. Akwai mafi ƙarancin da ake tsayarwa a taron JAMB da shugabannin makarantu. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi. Akwai wanda jami'a take sawa don a zo tantancewarta, ABU ta saba sa 180. Sai na uku, wanda ba a buga shi a fosta: makin mutum na ƙarshe da ya samu shiga wannan kwas ɗin. Shi wannan yawan masu nema ne yake yanke shi. Aikin likita kuwa hukumar kula da likitoci ta ƙasa ce take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, bisa ga malamai da kayan aikin asibitin koyarwarta, kamar na ABU da ke Shika. Dubbai suke nema, kujeru kaɗan ne. Maki 231 maki ne mai kyau, in ka tuna a 2025 mafi yawan waɗanda suka rubuta ba su kai 200 ba, amma a layin likita ko lauya zai iya barin mutum a baya, alhali a wani kwas ɗin yana cikin na gaba-gaba.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta zalla daga ko'ina a ƙasar, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin na baya a ilimin boko. Jihar Kaduna tana cikin yankin ABU, wannan ya sa muka ce ka tabbata an rubuta jihar asali daidai, kuma ka nemo mata takardar shaidar ƙaramar hukuma tun da wuri. Sai dai kada ka saki jiki da wannan: yankin ABU ya haɗa jihohin Arewa da yawa, ba Zazzau kaɗai ba. Kuma ABU ta zama zaɓi na farko. Jami'ar da masu zaɓenta na farko suka fi ƙarfin kujerunta ba ta waiwayar na biyu.

Ranar jarrabawa aikinka kaɗan ne. A buga takardar da ke nuna cibiya da rana da lokaci da zarar an saki, a je a ga wurin kafin ranar, a kai ta da wuri ba waya ba agogo, ka koma kasuwa. JAMB ta hana iyaye tsayawa a harabar cibiya. Sakamako kuma da layin nan nata za a aika UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019. Duk wanda ya ce zai ƙara mata maki in an biya shi, ɗan damfara ne, kuma yarinyar ce za ta kwana a ciki in an kama takardar bogi.

Bayan fitar sakamako ne gidaje da yawa suke naɗe hannu, alhali rabin aikin bai fara ba. Na farko, ku zauna ku kalli makin da idon basira. In ya yi nisa da na likita, a je cibiyar CBT a sauya kwas kafin ABU ta rufe rajistar tantancewa. Ka bar ta ta faɗi wanda ranta ya kwanta da shi, domin ita za ta zauna da shi shekara huɗu zuwa shida. Yaron da aka tura kwas don a ce ɗan wane likita ne yakan sha wuya tun a shekarar farko. Na biyu, ku riƙa leƙa shafin ABU na intanet a kai a kai don sanarwar tantancewa, wato Post-UTME, tana da nata fom da nata wa'adi, kuma wanda bai yi ba ya fita daga lissafi komai makinsa.

Na uku shi ne ya fi cin mutane. Tunda tana aji uku, za ta yi rajista ne a matsayin mai jiran sakamako. Ranar da WAEC ko NECO ta fito, dole a koma cibiyar CBT a ɗora sakamakon a shafinta na JAMB. Ɗorawa a shafin ABU daban, wannan daban. Tun 2017 duk wani gurbi ta manhajar JAMB mai suna CAPS yake bi, kuma ba ta barin a ba wanda ba a ga sakamakonsa na sakandare ba. Bayan an ɗora, ta shiga shafinta ta gani da idonta cewa darussan da makinsu sun fito, kada a tsaya ga "an yi" na mai cibiya.

Daga nan sai duba CAPS aƙalla sau ɗaya a mako. Wani lokaci jami'a takan ba da shawarar mayar da ɗalibi wani kwas, sai ya danna amincewa kafin a ci gaba. In bai duba ba maganar ta tsaya a nan. In gurbi ya fito, sai ta karɓa a CAPS cikin wa'adi, sannan a buga takardar shiga ta JAMB. Kafin ta danna ku karanta sunan kwas ɗin da kyau, don in an karɓa an rufe sauran ƙofofi na shekarar. Gurbin da wani ya ce zai samo muku ta bayan fage, wanda bai fito a CAPS ba, ba gurbi ba ne: sunan mai shi ba ya shiga jerin ɗaliban JAMB, kuma sai an zo tafiya bautar ƙasa abin yake fashewa.

Game da yayanta, dalilin yana nan a rubuce. Ya shiga shafinsa na JAMB da imel ɗin da ya yi rajista, ya zaɓi shekarar, ya duba abu huɗu: an ɗora sakamakonsa na sakandare? ABU ce zaɓinsa na farko? Darussan da ya rubuta sun dace da kwas ɗin? Akwai tayin sauya kwas da bai amsa ba? In duk waɗannan lafiya lau ne kuma ya yi tantancewa, to makin ne bai kai layin kwas ɗin ba. Sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, don haka ko ya sake rubutawa, ko ya bi ta IJMB, shirin share fage da ABU take kula da shi, wanda in ya ci yake neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. ABU tana da makarantar share fage a Funtuwa. Difloma ta foliteknik ɗin Nuhu Bamalli ko takardar NCE mai sakamako mai kyau ita ma tana kai mutum aji biyu a kwas ɗin da ya dace da ita, amma ta wannan hanya ma sai an sayi fom ɗin JAMB na shiga kai tsaye.

Kuɗin rajistar makaranta kuma ka fara tanadinsa tun ranar da ta yi tantancewa, don wa'adin biya gajere ne bayan an ba da gurbi. Akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, ba ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 a wata na kashewa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Sai dai ana nemansa ne bayan ta zama ɗaliba makaranta ta tura sunanta, kuma yana buƙatar NIN, da lambar JAMB, da BVN na asusun banki mai sunanta. Ka buɗe mata asusun tun yanzu, da sunan da ke kan NIN ɗin harafi da harafi.