Auren haɗi a ƙauyen Indiya: abin da na gani a Haryana

Malama, kin tambaya ko har yau iyaye ne ke zaɓa wa 'ya'ya abokin zama a ƙauyukan Indiya, ko kuwa yadda muke gani a fim ne, a haɗu a lambu a yi ta waƙa har iyaye su haƙura. Na ga wasu sun ce miki auren dole ne kawai. Ni shekara 4 na yi ina karatun harhaɗa magunguna a kusa da Delhi, kuma wanda muke ɗaki ɗaya ɗan wani ƙauye ne a gundumar Rohtak ta jihar Haryana, daga al'ummar Jat. A gabana aka nema wa ƙanwarsa miji, har bikin na je.

Iyaye ne ke nema, wannan babu tantama. Sai dai yanzu takardar bayanin yaro, da hotonsa da aikinsa da yawan gonar ubansa, ta WhatsApp take yawo tsakanin dangi. In an ga wanda ya yi, sai danginsa su zo ganin yarinya. Ta fito da shayi a faranti, kanta a sunkuye, a yi mata tambayoyi, sannan a bar su su biyu su hau saman soro na kamar minti 15. Yarinyar nan sau biyu tana saukowa ta ce wa yayanta a'a, kuma maganar ta mutu. Na uku ta karɓa, suka yi wata biyar suna hira ta waya kafin biki. Uwarta kuwa ta ce min, ɗan nata yana fassarawa, ita ba ta ga fuskar mijinta ba sai ranar ɗaurin aure. A ganina abin da ya canza ke nan: zaɓi yana hannun manya, amma yarinya ta samu bakin ƙi, musamman in ta yi boko.

Shingen da ake zaɓen a cikinsa kuwa yana nan daram. Dole miji ya kasance ɗan rukunin al'ummarku na gado, abin da suke kira jati, amma ba ɗan zuri'arku ba, wato gotra. A gidan abokina ana kauce wa gotrar uba da ta uwa da ta kaka ta wajen uba, kuma ba a auren ɗan ƙauye ɗaya, don duk 'yan'uwa ake ɗaukarsu. Wata rana muna zaune da kakansa a kan gadon igiya, yana zuƙar hukka, na ce masa iyayena 'ya'yan wa da ƙani ne. Wallahi sai da tsohon nan ya cire bakin lofen daga bakinsa, ya kalle ni kamar na yi saɓo. Auren zumuncin da muke tutiya da shi, a wurinsu kamar mutum ya auri ƙanwarsa ne. Amma kada ki ɗauka duk Indiya haka take. A kudu, irin su Tamil Nadu, ana auren 'yar kawu, kuma Musulminsu ma suna auren dangi.

Wanda ya tsallake shingen shi ke haɗuwa da majalisar dattawan zuri'a, khap panchayat. Sukan kori iyali daga gari, an kuma sha kashe ma'aurata. A 2018 Kotun Ƙoli ta ce ba su da hurumin shiga tsakanin baligai biyu da suka yarda da juna. Akwai ma dokar 1954 da ta ba mutum damar auren wanda yake so a ofishin gwamnati, sai dai ana liƙa sanarwa ta kwana 30, kuma sau da yawa ta nan dangi ke jin labari.

Abin da ya fi ci min rai shi ne dahej, wato kuɗi da kayan da ake bayarwa don aurar da 'ya. Mu nan namiji ke biyan sadaki ya haɗa lefe, uba ya yi kayan ɗaki, kuma kayan na 'yarsa ne. Can gidan amarya ke ba gidan ango. An haramta shi tun 1961, don haka ba wanda zai ce miki yana karɓa, "kyauta" ce. Angon nan ɗan sanda ne, mai aikin gwamnati kuwa tsada gare shi. Na ga mota sabuwa fil an yi mata ado da furanni a ƙofar rumfa, ga firji, ga zinari. Uban amarya ya yi ta fara'a, amma na san bashi ya ciwo a kan gonar alkamarsa. Boko bai rage abin ba, ƙara farashin ango ya yi. Kuma alƙaluman 'yan sandansu na nuna mata sama da 6,000 ke mutuwa duk shekara a rigimar dahej.

Tsoron wannan ɗawainiya na cikin abin da ya sa aka daɗe ana zubar da cikin 'ya mace, har aka hana duba jinsin ɗan tayi a 1994. Ƙidayar 2011 ta samu mata 879 kacal ga kowane maza 1,000 a Haryana. Sai samari marasa gona da aiki suka rasa matan aure, aka koma kawo amare daga Bihar da Assam da Bengal, da kuɗi. Nan kuma ba wanda ke tambayar jati ko gotra. A wurin bikin na ga ɗaya daga cikinsu a bayan gida tana wanke tukwane, da goyo a kwankwaso. Na tambayi abokina sunanta, ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce shi dai 'yar Assam ya ji ana ce mata.